Wa Zai Yanka wa Kansila Albashinsa?

Duk lokacin da aka ta da maganar albashin kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi, nan take mutane ke rabuwa gida biyu. Wasu su ce ai abin da suke kwasa ma ya ishe su, ko sisi kada a ƙara musu, in da hali a rage. Wasu kuma, galibi waɗanda abin ya shafa da makusantansu, su ce ɗawainiya ta yi yawa, a duba su. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin nan biyu, kuma abin da na lura shi ne duk sun tsallake tambayar farko sun faɗa ta biyu. Kafin a ce nawa za a ba su, sai a fara sanin wa zai yanka, kuma a gaban idon wa.

Bari in fara da abin da na san ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ni ina goyon bayan a biya mai riƙe da muƙamin ƙaramar hukuma abin da zai ishe shi ya riƙe gidansa da mutunci. Ba don ina ganin duk sun cancanta ba. Dalilina shi ne kujerar da ba a biyan mai ita, ko ake biyansa abin da bai kai ya kawo ba, mutum iri uku ne kawai ke iya zama a kanta: mai dukiyar da ba ya bukatar albashin, wanda wani ubangida ke ɗauke masa nauyi, da wanda ya shigo da niyyar biyan kansa ta wata hanyar. Malamin makaranta mai gaskiya da kaifin hankali ba zai bar aikinsa ya zo ba. Matar da ke riƙe da marayu da 'yar sana'arta ba za ta zo ba. Matashin da ya san matsalar unguwarsa ciki da waje, amma ba shi da komai sai ƙarfinsa, shi ma ba zai zo ba. Wanda kuwa ubangida ya ɗauki nauyinsa, kowa ya san ƙarshen zancen, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan ba sabuwar fahimta ba ce. Da aka yi wa Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, mubaya'a, ɗan kasuwa ne mai sayar da tufafi. Ya ɗauki kayansa zai tafi kasuwa kamar yadda ya saba, domin iyalinsa ba za su daina cin abinci ba don ya zama halifa. Sahabbai suka ga ba zai yiwu mai kula da al'amuran al'umma ya wuni yana ciniki ba, sai aka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali. Abin da ya fi jan hankalina a wannan ƙissa shi ne ba shi ya yanka wa kansa ba. Wasu ne suka zauna suka duba bukatarsa suka ce ga abin da ya dace. Mutumin da babu mai shakkar amanarsa ke nan, amma duk da haka bai zama alƙalin aljihunsa ba.

A wasu sassan duniya ma ta wannan ƙofar aka bi. A birnin Atina na tsohuwar Girka, zamanin jagoransu Pericles, an fara biyan masu zaman shari'a ne domin talaka ya iya barin aikinsa na yini ya zo ya zauna. A Birtaniya, cikin bukatu shida da ƙungiyar ma'aikata ta Chartist ta gabatar a 1838 har da a riƙa biyan 'yan majalisa albashi, kuma ba a fara biyansu ba sai 1911, fam 400 a shekara. Talakawa ne suka nemi a biya wakilai, domin sun gane majalisar da ba a biya ta masu gonaki da masana'antu ce kaɗai.

Kuma a duk masu muƙami, babu wanda ke kusa da hannun jama'a kamar kansila. Minista yana da masu gadi da sakatarori tsakaninsa da mai bukata. Kansila kuwa ƙofarsa ake fara bugawa in rijiyar burtsatse ta lalace, in ruwa ya cinye kwalbati, in asibitin unguwa babu magani, in an yi rikicin fili. Mutumin da ke ɗauke da wannan nauyi, a ce masa ya yi don Allah kawai alhali ana biyan na sama da shi har da rara, wannan ba adalci ba ne.

To amma ga ɗaya gefen, kuma nan ne zuciyata ta fi zafi.

Akwai wani ƙaramin gari mai suna Bell a jihar Kalifoniya ta Amurka, kusa da Los Angeles. Mutanensa ba su wuce 35,000 da 'yan kai ba, kuma yana cikin garuruwan da suka fi talauci a yankin. A watan Yuli na 2010 jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa manajan garin, Robert Rizzo, wanda naɗa shi aka yi ba zaɓe ba, yana karɓar albashin da ya kusa dala 800,000 a shekara. Shugaban ƙasar Amurka dala 400,000 yake karɓa. Shugaban 'yan sandan garin yana ɗaukar sama da dala 450,000. Akasarin kansilolin kuwa, waɗanda aikinsu ba na cikakken lokaci ba ne, suna tashi da kusan dala 100,000 kowannensu.

Ku dubi yadda aka yi abin, domin darasin yana cikin hanyar ne. Jihar tana da dokar da ta ƙayyade abin da kansila zai karɓa. Sai a 2005 aka shirya wata ƙuri'a ta musamman don sauya matsayin garin a doka, ta yadda wannan ƙayyadewar ba za ta hau kansa ba. Mutanen da suka kaɗa ƙuri'a ba su kai 400 ba. Daga nan aka buɗe ƙofa. Kuma yawancin kuɗin kansilolin bai zo da sunan albashi ba. Ya zo ne da sunan kuɗin zama a wasu kwamitoci da hukumomi na garin waɗanda ba kasafai suke zama ba, in ma sun zauna 'yan mintoci ne a tashi. Duk wannan lokacin talakawan garin suna biyan harajin gidaje mai nauyi. An gurfanar da Rizzo da akasarin kansilolin a kotu, kuma a 2014 aka yanke wa Rizzo ɗaurin shekara 12.

Wannan ya faru ne a ƙasar da ke da kotuna masu ƙarfi da jaridu masu bincike. Abin da ya ba shi dama abu biyu ne: masu cin abin su ne masu rabawa, sannan babu wanda ke kallo. An ba kura ajiyar nama, aka kuma kashe fitila.

Shi ya sa nake cewa duk wanda ya tsaya yana jayayya a kan albashin da aka rubuta a takarda, bai taɓa inda ciwon yake ba. Albashin asali sau da yawa ba shi da yawa, har mai muƙamin ya iya ɗaga takardar ya nuna wa jama'a ya ce ku gani, wannan ne kawai. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Sauran rabin yana cikin alawus: kuɗin zama, kuɗin tafiya, kuɗin gida, kuɗin mota da na gyaranta, kuɗin karɓar baƙi, kuɗin bita a wani gari mai nisa, kuɗin sallama ranar sauka. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai yana da hujja. In ka tara su sai ka ga sun ninka albashin, kuma babu takarda guda da ta haɗa su wuri ɗaya. Bayan su kuma akwai abin da ba ya shiga kowace takarda, wato alherin ɗan kwangila. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rufe wannan ƙofar tun ranar da wani ma'aikacin zakka ya dawo yana ware abin da ya ce kyauta aka ba shi. Ya tambaya, me ya sa bai zauna a gidan iyayensa ba ya ga ko za a kawo masa kyautar? Kujerar aka ba, ba mutumin ba.

Ƙasashe da dama sun gane cewa dole a cire wuƙar daga hannun mai cin naman. A Ingila, dokokin 2003 sun wajabta wa majalisun ƙananan hukumomi su kafa kwamiti mai zaman kansa, na mutum uku aƙalla waɗanda ba kansiloli ba, ya duba ya ba da shawarar alawus, a kuma wallafa abin da kowane kansila ya karɓa a shekara. A Kenya, sashe na 230 na tsarin mulkin 2010 ya kafa hukumar da ke tsara albashin jami'an gwamnati har da 'yan majalisun gundumomi, kuma a 2022 ta soke kuɗin zaman zauren majalisa. A Afirka ta Kudu minista ne ke sanar da iyakar da albashin kansiloli ba zai wuce ba, ana la'akari da yawan jama'ar ƙaramar hukumar da kuɗin shigarta.

Tsarin Ingila yana da rauni guda da nake ganin ya kamata a lura da shi. Kwamitin shawara kawai yake bayarwa, kansilolin ne ke kaɗa ƙuri'ar ƙarshe. Wannan yana cutarwa ta fuska biyu. Za su iya ɗaukar abin da ya yi musu daɗi. Za su kuma iya ƙin ƙarin da ya dace saboda tsoron bakin jama'a, musamman in zaɓe ya matso, kuma masu hali a cikinsu ne suka fi saurin yin haka domin ba abin da zai rage musu. Wanda ke shan wahalar wannan nuna kirkin shi ne kansila mara ƙarfi, da wanda yake son tsayawa takara gobe amma ya lissafa ya ga ba zai iya ba. Don haka ni na fi son a ce hukuncin masu zaman kansu ya zama shi ne hukunci.

In kuwa dole sai majalisa ta sa hannu, akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da ta fi kowace burge ni. Ɗan majalisa James Madison ya gabatar da ita a Amurka a 1789, ba ta zama doka ba sai 1992, a matsayin gyara na 27 ga tsarin mulki: duk canjin albashin 'yan majalisar tarayya ba zai fara aiki ba sai an yi wani zaɓen. Ku sauko da wannan ƙa'ida zuwa ƙaramar hukuma. Kansila ya kaɗa ƙuri'ar ƙari, amma wanda zai zauna a kujerar bayan zaɓe ne zai ci, wataƙila ma abokin hamayyarsa. Mutum yakan yi adalci sosai in bai san ko shi abin zai faɗa wa ba.

Sai ma'aunin kansa. Faransa tana da ƙananan hukumomi kusan 35,000, kuma a dokarsu aikin magajin gari kyauta ne, abin da ake ba shi diyya ce ta lokacinsa, wadda aka jera hawa-hawa bisa yawan jama'ar gari. A Disamban 2019 suka ƙara wa na ƙananan garuruwa, har kashi 50 cikin 100 ga waɗanda mutanensu ba su kai 500 ba, domin su ne ke yin aikin kusan su kaɗai ba tare da ma'aikata ba. Yawan jama'a ma'auni ne mai kyau, amma ni zan ƙara wani a kansa. A ɗaure albashin ciyaman da na kansila da albashin ma'aikatan ƙaramar hukumar. A ce ba zai wuce ninki kaza na abin da matsakaicin ma'aikaci ke karɓa ba, kuma ba zai motsa ba sai na ma'aikata ya motsa. Sannan watan da ba a biya mai shara da ma'aikaciyar asibiti ba, kada sisi ya shiga asusun ciyaman. Shi ne na ƙarshe a layi. Ba na jin akwai dokar da za ta sa shugaba ya damu da albashin ma'aikatansa kamar wannan.

Naɗaɗɗu kuma ba ɗaya suke ba, kuma haɗa su a kwando guda kuskure ne. Akwai ma'aji, injiniya, mai binciken kuɗi, jami'in lafiya. Waɗannan ƙwarewarsu ake saya, kuma kamfanoni ma suna nemansu. In ka biya injiniya abin da bai kai ba, nagarin zai tafi, ka zauna da wanda zai sa hannu a kan gadar da ba ta da ƙarfe. Araha ba ta ado. A biya su daidai da aikinsu, bisa ma'aunin da kowa ya sani, ba bisa kusancinsu da ciyaman ba. Sai kuma ɗaya rukunin, masu ba da shawara na musamman da mataimaka iri-iri, waɗanda sau da yawa ladan yaƙin zaɓe ne ake biyansu da kuɗin jama'a. A nan yawan kujerun ne abin dubawa tun kafin albashin. Doka ta faɗi adadinsu, ta faɗi aikin kowanne a rubuce.

A Najeriya, ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa zuwa musu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Na yi murna da hukuncin. Sai dai duk inda kuɗi ya sauko kusa da jama'a, a ko'ina ne a duniya, abu na farko da zai ci karo da shi shi ne teburin da ake raba albashi da alawus. In aka bar teburin nan a cikin duhu, kuɗin zai ƙare a kansa kafin ya kai ga rijiya ko aji.

Don haka ɗan takarar da zai zo neman ƙuri'ata, ba zan nemi ya yi alkawarin zai yi aiki kyauta ba, kuma in ya yi ma zan so in san mai ciyar da shi. Zan tambaye shi ko ya yarda duk ƙarshen shekara a manna takarda guda a ƙofar sakatariya, a kuma sa ta a intanet, mai ɗauke da sunansa, da jimillar duk abin da ya shiga hannunsa daga asusun ƙaramar hukuma, albashi da alawus da kuɗin tafiya, da adadin zaman majalisar da ya halarta.