Bidiyon Kawu ya tafi teku

Alhamis ɗin farko ta azumin 2024, an idar da asham, muna majalisar mai shayinmu ta Zoo Road sai ga Kawu, ƙanin mahaifiyar yarinyar nan da nake nema. Ya zauna gwiwarsa na gugar tawa, ya ce in tura masa bidiyon ɗaurin auren Gwammaja. Na danna ta WhatsApp. Da ya ga abin yana ta juyi sai ya ce, "Ɗana, wai ta ina yake bi ne?"

An sosa min inda ke ƙaiƙayi. Na gyara hula.

Na ce ranka ya daɗe, ai ba a dunƙule yake tafiya ba. Waya ce ke yayyanka shi ƙulli-ƙulli, kowanne bai wuce bayit 1,500 ba, wato kamar haruffa 1,500, da adireshin inda ya fito da inda za shi da lambar jerinsa. Tunda ɗan Kwari ne na ce kamar a raba dila ɗari a motoci daban-daban, kowace da rasitinta. In an sauke a ƙirga, wadda ba ta iso ba a ce a sake turowa. Daga nan ƙullin ya hau turken sabis, ya shiga zaren gilashi ya zama haske, ya nufi Legas, ya bi wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku har ɗakin kwamfutocin kamfanin, sannan ya juyo ya same ka. Na ce hasken nan yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Har mai shayi ya tsaya da shiƙa.

Kawu ya dubi wayata, ya dubi tasa, tsakaninsu ko taki ɗaya babu. Ya ce, "To madalla. Ya iso?"

Bai iso ba.

Na kashe data na kunna. Na cire layi na hura masa iska, ni da na gama ba da lacca. Na ɗaga wayar sama, na ƙara ɗagawa, ƙarshe na cire takalmi na hau ƙarshen benci ina miƙa hannu. A nan ne Dogo ya ga damar miƙewa daga ɗaya ƙarshen.

Wallahi da gangan ya yi. Mutumin da in ya zauna a bencin nan ko kiran sallah sai an yi iƙama yake motsawa, wai ranar ce ya tuna zai sayo sikari. Shi ne fa tun ƙaramar sallar bara kuɗin cajata ke hannunsa, in na yi magana ya ce ai zumunci ya fi caja. Bencin ya ɗaga, na tafi baya-baya, hannu ɗaya riƙe da waya a sama, ɗaya ya cafko rumfar mai shayi, ƙafata ta faɗa bokitin wanke kofuna. Hulata ta mirgina ta tsaya daidai gaban Kawu. Ya sunkuya da kansa ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya miƙo min da hannu biyu ya ce, "Sannu, Injiniya."

Ina matse ƙafar wando sai yaron da ke cajin waya a gefe ya ce Baba kawo. Ya buɗe Xender, wayoyin biyu suka haɗa Wi-Fi tsakaninsu, ba Legas ba teku, kafin a juye shayi bidiyo ya shiga. Kawu ya tambaye shi ko shi ma ya yi jami'a. Yaro ya ce firamare ya gama.

Washegari labari ya bazu cewa a ranar, 14 ga Maris, manyan wayoyin teku huɗu ne suka lalace a wajen gaɓar Kodebuwa, intanet ta rikice daga Najeriya har Ghana. Wato duk abin da na faɗa haka yake, hanyar ce ta yanke! Na zo majalisa da labarin a wayata zan nuna, Kawu bai zo ba. Dogo kaɗai na tarar, ya ce to kifi ya ci bidiyon ke nan, sai in jira a kamo shi.

Yanzu ko yaran layin Injiniya suke ce min. Cajar kuma Dogo ya ce bayan sallah.