Matsa da ƙwai sai da barkonon Meziko

Tun zuwana Hustan, a jihar Teksas, babu karin kumallon da ya tuna mini da teburin mai shayi kamar wanda Yahudawan Amurka ke kira matzo brei. Matzo ɗin, wato matsa, wani busasshen burodi ne falan-falan, fulawa da ruwa zalla, kuma daga kwaɓi zuwa gashi ba a bari ya wuce minti 18, don kada ya kumbura. Shi suke ci a idinsu na Fesak, kwana 8 da ba sa taɓa burodi mai yis. A kakkarya shi, a jiƙa, a tsane, a kaɗa da ƙwai, a soya. Shi ke nan.

Na fara cin sa a gidan wata dattijuwa maƙwabciyata, ta barbaɗa masa sukari da kirfa. Don kara na cinye. Ƙwai da sukari fa! Da mai shayin unguwarmu a Fagge ya gani, cewa zai yi an yi asarar ƙwai.

Washegari jikanta ya ce in zo in ɗanɗana nasa. Ya soya albasa da koren barkonon nan halafenyo sai da ƙamshi ya cika gidan, ya zuba yankakken tumatir, sannan matsa da ƙwai. Da ya sauke ya ɗora fiya, ya matsa lemon tsami. Dattijuwar ta leƙa kasko ta taɓe baki, ta ce kakarta ba ta san wannan ba.

Ni dai ina bayan yaron, kuma ba don ɗan Kano ba ya rabuwa da yaji ba. Mutanen Teksas suna da migas, ƙwai da ake soyawa da gutsattsarin gurasar masara. To a al'adar Yahudawan da kakanninsu suka fito daga gabashin Turai, ba a cin masara a kwanakin Fesak. Yaron da ya tashi da migas a bakinsa, me zai yi? Ya sa matsa a gurbin masarar, bai taka doka ba, bai kusanci naman alade ba. Ina laifinsa?

Mu ma da muke tinƙaho da miyar dage-dage, tumatir da attarugun nan daga nahiyar Amurka suka tsallako, bayan 1492. Yau wa zai ce wa Hajiya barkononta baƙo ne?

Da na gwada a gida, sai na bar matsar cikin ruwa na tafi amsa waya. Kafin in dawo ta zama kunu. Tsomawa ɗaya ta isa, a bar ta da ɗan ƙaras-ƙaras. Halafenyo kuwa ƙamshi ya fi zafi yawa, don haka nake ƙara rabin attarugu, wanda a shagunan nan ake sayarwa da sunan habanero.