Yawan zare ba shi ne sauri ba: sharhi kan manhajar uwar garke

Ranar 14 ga Agustan 2003 wuta ta ɗauke wa mutum kusan miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontario na Kanada. Bishiyoyi ne suka taɓa manyan wayoyi a jihar Ohio. Abin da ya kai ƙaramar matsala ga babbar ɓarna shi ne ƙararrawar ɗakin sa ido na kamfanin FirstEnergy ta yi shiru sama da awa guda, ma'aikata kuwa ba su ankara ba. Da aka tono, sai ga rige-rige a cikin manhajar XA/21 ta General Electric: sassa biyu sun kai hannu kan bayani ɗaya a lokaci ɗaya.

Irin wannan rige-rige ne ke addabar uwar garke, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun dubban mutane. Tana raba aiki ga ƙananan ma'aikata da injiniyoyi ke kira zare. Kowane zare na tafiyarsa, amma ma'ajiyarsu ɗaya ce. A ce asusu yana da naira 10,000, sai buƙatu biyu na cire 8,000 suka shigo tare, ɗaya daga POS, ɗaya daga waya. Zare na farko ya duba, ya ga kuɗi sun isa. Kafin ya rubuta ragowar, na biyu ma ya duba, shi ma ya ga 10,000. An biya 16,000 ke nan, asusu kuma yana nuna saura 2,000. Babu layin manhajar da aka rubuta ba daidai ba, jerin lokaci ne kawai ya saɓa, shi ya sa a gwada sau dubu lafiya lau, sai ranar biyan albashi abin ya fito.

Maganin da kowa ke fara ɗauka shi ne kwaɗo: wanda ya shiga ya kulle, saura su jira. Yana aiki, amma da nasa rigimar. Mai tura kuɗi daga asusun farko zuwa na biyu ya kulle na farko yana jiran na biyu, wani kuma ya kulle na biyu yana jiran na farko. Shi ke nan an yi cirko-cirko, kamar Keke Napep biyu da suka yi gaba da gaba a lungu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja baya. Tun 1965 Edsger Dijkstra ya zayyana wannan tarko, har yau ana faɗawa.

Ni a ganina, wanda ya fara da tambayar inda zai sa kwaɗo ya riga ya makara. Kamata ya yi ya fara tambayar me ya sa zare biyu za su taɓa abu ɗaya. Redis, wata manhajar ajiye bayanai, duk da saurin da aka san ta da shi, zare ɗaya ne ke aiwatar da umarninta, bi da bi. Nginx, manhajar uwar garken yanar gizo da ta fito a 2004, 'yan ma'aikata kaɗan ne ke riƙe mata dubban haɗi. Harshen rubuta manhaja na Go yana ƙarfafa a miƙa wa juna bayani ta bututu maimakon cin tuwo a kwano ɗaya, harshen Rust kuwa ba ya ma yarda ya harhaɗa manhajar da zare biyu za su yi wa bayani ɗaya rubutu ba tsari, sai dai in marubucin ne da kansa ya cire takunkumin.

Na san akwai inda rabawa ta zama dole, asusun banki ma misali ne. A nan gara a bar wa rumbun bayanai ya yi dubawa da cirewa a mataki guda. In kuma sai an riƙe kwaɗo da hannu, a riƙe shi na ɗan ƙanƙanin lokaci, kar a tsaya jiran amsar wata kwamfuta yana hannu, kuma kowa ya kulle bisa jeri ɗaya, ƙaramar lambar asusu kafin babba. Sannan a bi manhajar da mai gano rige-rige, kamar ThreadSanitizer ko wanda ke zuwa tare da Go, a gwada ta da cunkoso irin na ƙarshen wata kafin a sake ta ga jama'a.