Lambar da ke gindin tulun furanni na Jamus ba shekara ba ce

Duk mai tara tulunan furanni na tangaran da aka yi a Jamus ta Yamma ya san abin da ake fara yi: a kifa tulun a leƙa gindinsa. Sai a ga lamba kamar 271-22, kusa da ita an rubuta "W. Germany". Nan ake yawan kuskure. Wasu su ce 22 ɗin shekarar ƙira ce, wasu su ce wannan ne na 22 cikin guda 271 kacal da aka yi, su ɗora masa kuɗi mai tsoka.

Ba haka ba ne. Lambar farko ta siffar tulun ce, wato ƙirar da aka zuba laka a cikinta. Ta biyun tsayinsa ne da santimita. Ɗauko tef ka gwada, za ka samu kusan 22. Siffa ta 271 ta kamfanin Scheurich ce, Heinz Siery ya zana ta, kuma an yi ta da yawan gaske, da launuka iri-iri, shekara da shekaru.

Rubutun "W. Germany" ma iyakacinsa ya nuna an yi tulun tsakanin 1949 da 1990. Sunan kamfani kuwa galibi a 'yar takarda aka manna, wanki ya tafi da ita tuni.

Abin da ya fi kamata a duba shi ne fentin sheƙin jikinsa, musamman mai kauri da ƙurarraji kamar narkakken dutse ya daskare, sannan a shafa bakin tulun da yatsa ko akwai tsaga.