Idan gwamnati ta mayar da bututun gas bulala

Kamfanin mai na 'yan kasuwa riba kawai yake nema, wanda ya biya shi ke ɗauka. Wanda gwamnati ta mallaka kuwa iyayen gida biyu gare shi, kasuwa da fadar shugaban ƙasa. Duk ranar da muradunsu suka ci karo, maganar fada ce ke tsayawa, kamfanin ya kwashi asara. A ganina, irin waɗannan kamfanoni sun fi sama wa ƙasashensu faɗa a ji lokacin da kaya ke tafiya lami lafiya, fiye da ranar da aka ce a rufe.

A duba Gazprom, kamfanin gas na gwamnatin Rasha. A Janairun 2009 rikicin farashi da Yukren ya sa gas ya tsaya kusan mako biyu, mutanen Bulgeriya da Sulobakiya suka sha sanyi a tsakiyar hunturu. Amma abin da ya ɗaure Turai a hannun Mosko shi ne araha. Shekara da shekaru masana'antun Jamus suna cin moriyar gas mai sauƙin kuɗi, har shugaban gwamnatin Jamus Gerhard Schröder, da saukarsa daga mulki a 2005, ya karɓi muƙami a kamfanin Nord Stream, bututun gas daga Rasha zuwa Jamus. Kafin yaƙin Yukren, kimanin kashi 40 cikin 100 na gas ɗin da Tarayyar Turai ke saye daga waje na Rasha ne. Duk ɗan siyasar da zai ɗaga wa Kremlin, fadar shugaban Rasha, murya sai ya fara tuna tukunyar ɗumama gidajen masu zaɓensa.

A 2022 aka zare bulalar. A watan Afrilu Gazprom ya yanke wa Folan da Bulgeriya gas saboda sun ƙi biya da rubul, kuɗin Rasha, a ƙarshen Agusta kuma Nord Stream 1 ya tsaya cak. Farashi ya yi tashin gwauron zabi, Turai ta ji jiki, wannan ba a musu. Sai dai ba ta janye goyon bayanta ga Yukren ba. Ta koma ga Nowe, ga gas ɗin jiragen ruwa daga Amurka da Ƙatar, Jamus ma ta buɗe tashar sauke shi a Wilhelmshaven a Disambar shekarar. A 2023 Gazprom ya tafka asarar rubul biliyan 629, irinta ta farko cikin fiye da shekara 20.

Benezuwela kuwa da kyauta ta yi amfani, ba bulala ba. A 2005 shugabanta Hugo Chávez ya kafa shirin Petrocaribe, inda PDVSA, kamfanin mai na gwamnati, ke bai wa ƙasashen Karebiyan mai a kan bashi mai sassauci, Kuba kuma tana turo likitoci. Ya samu abokai, ƙuri'unsu sun yi masa rana a tarukan yankin. Amma kuɗin gyaran rijiyoyi ne aka ci. Haɗa da korar ma'aikata kusan 18,000 bayan yajin aikin 2002 zuwa 2003, sannan takunkumin Amurka, sai kamfanin da ke haƙo ganga kusan miliyan 3 a rana ya dawo ƙasa da miliyan 1.

Wani zai kawo misalin Aljeriya, wadda a 2021 ta sa kamfaninta Sonatrach ya daina tura gas ta bututun da ya ratsa Maroko, ba ta kuma durƙushe ba. Haka ne, domin tana da wani bututun kai tsaye zuwa Sifaniya, ga kuma na Italiya. Maƙwabci ta hukunta, manyan masu sayenta suna nan.

Rasha ba ta yi wannan sa'ar ba. Bututun da suka fito daga manyan filayenta na yammacin Sibeeriya galibinsu Turai suka dosa, yarjejeniyar tura gas ta Yukren kuma ta ƙare ranar 1 ga Janairun 2025. Babban mai sayen da ya rage shi ne Sin, ta bututun Power of Siberia da aka buɗe a 2019. Beijin ta san Gazprom ba shi da wani mai saye kamarta, shi ya sa ba ta gaggawa a teburin ciniki.