Ba mai sayen anko ce ta kashe masaƙun Kakuri ba

Kun dai ji shi da kunnenku jiya a rediyo, ba sai na maimaita ba. Babban jami'in gwamnati ya zauna ya gyara murya, wai masaƙunmu sun mutu ne saboda 'yan Najeriya ba su da kishin ƙasa, sun fi son kayan waje. Wallahi ina tuƙi na ji maganar nan, sai da na gangara gefen titi na tsaya, don jikina har rawa yake yi. Ni ɗan ma'aikacin masaƙa ne. Da albashin masaƙa aka yanka mini ragon suna, da shi aka saya mini allo da littafi. Ba zan ji irin wannan magana in haɗiye ba.

Yallaɓai, matar da ta ɗauki kuɗin adashinta ta shiga Kantin Kwari neman turmi biyu na fitar biki, ita ce ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki? Ita ce ta buɗe iyaka, ko ita ce ta rufe? Ta tarar da atamfa iri biyu, ɗaya ta ninka ɗaya kuɗi, ta ɗauki wadda aljihunta zai iya. Ina laifinta? Laifi tudu ne, kun hau naku kuna hango na talaka.

Ni tambayata ɗaya ce, kuma ita zan ta nanatawa har ku gaji: wa ya sa hannu, kuma yaushe ya dawo ya yi wa mutane bayani?

A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, unguwar masana'antu da ke Kaduna, Sardauna ne ya tsaya kai da fata har aka kafa ta tare da wani kamfanin Ingila. Masaƙar United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta biyo baya, ga Arewa Textiles, ga Nortex. A Kano ga unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa. Auduga daga Funtua da Malumfashi da Gusau, a gurje ta a nan, a kaɗa zare a nan, a saƙa a nan, a buga zane a nan. Akwai lokacin da ƙasar nan ke da masaƙu sama da 100, kuma in ka cire gwamnati, da wuya ka sami mai ɗaukar ma'aikata kamarsu. Wanda ya taɓa ganin Kakuri a lokacin canjin aiki, kekuna sun cika titi ba masaka tsinke, masu abinci da masu shayi kowa na ciniki, ya san abin da nake faɗa.

Sai aka fara sa hannu. A 1986 gwamnatin Babangida ta rungumi shirin sauya fasalin tattalin arziki, wato SAP, bisa shawarar Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da Bankin Duniya, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Manomi ya wayi gari ba mai ba shi iri mai kyau, ba mai tsayar masa da farashi. Naira ta faɗi, kayan gyaran injin da ake sayowa daga waje suka yi tashin gwauron zabo. A 1995 muka zama mamba a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, lokacin Abacha, lokacin da babu majalisa balle a tambayi kowa. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. A ƙarshen 2001 China ta shiga WTO, a farkon 2005 tsarin ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe masu tasowa za su iya fitarwa zuwa ƙasashe masu arziki ya zo ƙarshe. Wannan na ƙarshen ba kwatsam ya zo ba, tun shekara goma kafin nan duniya ta san ranar. Bangladesh, wadda ko audugar kirki ba ta nomawa, ta yi shiri, yau tana sahun gaba a duniya wajen fitar da tufafi. Mu da muke da gona da auduga da injina da ƙwararrun ma'aikata, me muka yi da shekarun nan goma? Kaduna Textiles ta rufe a 2002. UNTL ta rufe ƙofa a 2007, ko da aka sake buɗe ta daga baya ba ta koma yadda take ba.

To wa ya amsa? Ku kawo mini sunan minista ɗaya da ya tsaya gaban jama'a ya ce ni na ba da shawarar a yi kaza, ga abin da na yi tsammani, ga abin da ya faru, na yi kuskure. Mutum ɗaya kawai nake nema.

Na san abin da wasu za su rubuto mini a ƙasa. Wai ai matsalar wuta ce. Eh, wuta ce, da baƙin man da injina ke sha. To wutar a hannun wa take? Wanda ya san masana'antunsa da janareta suke aiki, ya kuma buɗe musu ƙofa su yi kokawa da ƙasar da wutarta ba ta ƙiftawa, ai shi ya tura su mahauta. Wai ai fasa-ƙwauri ne. Kaya su sauka a Kwatano ko Lome, su hau mota zuwa Maraɗi, su shigo ta Jibiya, tirela bayan tirela. Tirela allura ce da za ta ɓuya a aljihu? Shingaye nawa ne tsakanin iyaka da Kano? Wai ai masu masaƙun ma ba su sabunta injina ba. Na yarda akwai masu sakaci. Amma wane mai hankali ne zai zuba biliyoyi a sabon inji a ƙasar da ake hana shigo da yadi yau, a buɗe gobe, a sake hanawa jibi? Duk waɗannan uzurori in ka bi sawunsu, ƙofar ofishin gwamnati suke kai ka.

Ku dubi yadda ake juya mu kamar waina. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu. Ina cikakken bayanin wa ya karɓa, nawa ya biya, aiki nawa aka ceto, a wurin da talaka zai gani? A 2018 Babban Banki ya ƙulla musayar kuɗi da China, yuwan biliyan 15, don a sauƙaƙa wa masu sayo kaya daga can. A 2019 wannan Babban Bankin dai ya ce ba zai ƙara ba masu shigo da yadi dala ba, don a kare masaƙun gida. A Oktoban 2023 aka soke jerin kayan da aka hana wa dalar gaba ɗaya. Mai masana'anta ya bi wanne? Wanda ya ci bashi ya sayi inji saboda ya yarda da maganar 2019, wa zai biya shi?

Abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne na iyaka. A watan Yulin 2019 Buhari ya je Yamai ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Wata guda bayan nan, a Agusta, aka garƙame iyakokin ƙasa na tudu, sai Disamban 2020 aka fara buɗewa. An ce don shinkafa ne da makamai. To mai kamfanin roba a Sharaɗa, wanda bokitinsa da butarsa da takalmansa ke tafiya Maraɗi da Damagaram, shi me ya yi? Kayansa halal ne, harajinsa yana biya, kasuwarsa aka toshe sama da shekara. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, cikin kwana huɗu ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe Jibiya da Illela da Maigatari da Kongolam, aka yanke wa Nijar wuta. Motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe a kansu. Dabbobi da wake suka daina shigowa yadda aka saba, majema suka ji a jikinsu, 'yan Dawanau suka ji. Ni ba na goyon bayan juyin mulki, kada wani ya ɗora mini abin da ban faɗa ba. Amma a Fabrairun 2024 an janye takunkumin, a Maris an buɗe iyaka, Bazoum bai koma kujera ba, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice daga ECOWAS. Riba nawa aka ci? Asara nawa aka yi? Wa ya ƙirga? Wa ya zo Katsina ko Sakkwato ya tara 'yan kasuwa ya ce ga abin da ya sa, ku yi haƙuri?

Wani zai ce ai an taɓa tuntuɓa, Buhari ya ƙi zuwa Kigali sa hannu a wannan yarjejeniyar cinikin ta Afirka a 2018 saboda ƙungiyar masu masana'antu da ta ƙwadago sun yi ƙorafi. Gaskiya ne, kuma na yaba. Amma wannan ai shi ke nuna ana iyawa in an ga dama. Me ya sa sai an ga dama? Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sashe na 88 ya ba su ikon bincike. Sanatocinmu da 'yan majalisarmu na Kaduna da Kano da Katsina da Zamfara, jihohin auduga da masaƙa, sau nawa suka kira ministan ciniki da na harkokin waje suka zaunar da su a bainar jama'a suka ce ku karanto mana abin da kuka sa wa hannu, ku faɗa mana aikin mutum nawa zai ci? Ba alfarma muke roƙo ba. Duk shugaban da ya hau jirgi ya dawo da takardun fahimtar juna, a buga su mu gani. Duk wanda zai rufe iyaka, ya fara jin ta bakin waɗanda ke cin abinci da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shekara ashirin da ɗoriya ya yi a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Kakuri, har kunnensa ɗaya ya daina ji saboda ƙarar inji. Ranar da aka sallame su an ce su je za a kira su a ba su haƙƙinsu. Ya rasu katin aikinsa na cikin aljihun rigar da ke rataye a ƙusa. Shi ne yau ake ce wa 'ya'yansa ba su da kishin ƙasa.

Af, na tuna. Hajiyarmu har yanzu tana da wani zane a ƙasan akwatinta, ɗan Kaduna, tun na haihuwar ƙanwata. An wanke shi ya fi a ƙirga, launinsa na nan daram, sai ma laushi da ya ƙara. Rannan jikokinta suka gani suka ce a ba su su ɗinka, ta ce ko kusa. Don Allah duk wanda ke da tsohon hoton Kakuri na shekarun 1980, musamman bakin ƙofa lokacin tashi daga aiki, ya turo mini. Yarana sun ƙi yarda cewa wurin nan da suke gani ciyawa ta cinye ya taɓa cika da mutane, ina so in nuna musu.