Digirin fasahar koyarwa ba kwas ɗin kwamfuta ba ne

Da yawa suna ɗauka malamin da ya koma yin digiri na biyu a fasahar koyarwa, irin wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya ke bayarwa, danna kwamfuta ya je koyo. Wannan kam ko a shagon bakin titi ana koya. Horon nasa na tsara darasi ne: wane darasi ke buƙatar na'ura, wane ne allo da alli suka wadatar.

Ɗauki darasin yadda zuciya ke harba jini. Malami ya kunna bidiyo a majigi, ya tsayar daidai inda jini ya nufi huhu, ya tambayi yara dalili, sannan ya ci gaba. In an ɗauke wuta fa? Tuni ya zana zuciyar a kwali, tana cikin jakarsa.